Yarinyar da ta iya canji a kasuwa, ta ci sifiri a aji

Wannan lacca ce da wani tsohon malamin lissafi ya gabatar a garin Tawa na Jamhuriyar Nijar, gaban malaman firamare da wasu iyayen yara na kwamitocin makarantu. An ɗauke ta da wayar salula. Mun rubuta ta yadda ya faɗa, in ban da gaishe-gaishen farko da muka taƙaita da wuraren da hayaniya ta danne muryarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma sufeto, darektoci, ƴan uwana malamai maza da mata, iyayenmu na kwamiti, ina kwananku, ina gajiya. Waɗanda suka taso tun asuba daga Buza da Keita da Illela, sannunku da hanya.

An ce in yi magana kan yadda za a gyara koyar da lissafi. To, zan fara da abin kunyar da na yi da hannuna, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Farkon aikina an tura ni wani ƙauye, aka ba ni ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, rumfar zana. Akwai wata yarinya da ke zama can baya. Duk ranar da na ba da lissafi, sifiri take ci. Har na rubuta a takardar sakamakonta cewa ba ta da kan lissafi, na sa hannu, ina jin kaina mushe, wato malamin makaranta. Ranar kasuwa na je cefane, sai na tarar da ita tana tsaron kayan uwarta. Na ɗauki albasa kashi uku, kowane kashi dala goma sha biyar, na ƙara tattasai na dala bakwai, na miƙa mata takardar ɗari. Wallahi hannuna bai koma aljihu ba ta ce, "Mushe, hamsin da biyu ne, canjinka hamsin ba biyu." Ni da takardar shaidar malanta a akwati ina tsaye ina juya abin a kaina zuwa faran, ita ta riga ta ƙirgo canji ta zuba mini a tafi.

Ranar Litinin na rubuta a babban allo: 100 a ɗebe 52. Abin da ta yi shekaranjiya ke nan a kasuwa, ban ƙara komai ba. Ta ɗaga ɗan allonta: 152. Kun san yadda aka yi, ko? Ta ga sifiri a sama, biyu a ƙasa, ta ɗebe ƙarami daga babba ta sa 2, ta yi haka ta sa 5, ta sauko da 1. Na karya dokar aji na tambaye ta da Hausa: "In na ba ki ɗari na sayi na hamsin da biyu, ɗari da hamsin da biyu za ki mayar mini?" Ta rufe baki tana dariya ta ce, "Haba Mushe, ai da inna ta kashe ni." Na ce to don me kika rubuta? Ta ce, "Wannan ai na lakwal ne."

Na lakwal ne. Yau shekaru da yawa ke nan, maganar ba ta bar kunnena ba. A wurinta lissafi iri biyu ne. Akwai na gaskiya, wanda in ka yi kuskure ana asara kuma a sha duka. Akwai na lakwal, wanda ba dole ba ne ya yi ma'ana, a dai cika allo mushe ya wuce.

Daga baya na gane ba mu kaɗai ba ne. A 1985 wasu masu bincike a birnin Recife na ƙasar Barazil suka wallafa abin da suka gani wurin yara ƴan talla. Sun je a matsayin masu saye, yaran suka amsa kusan duk lissafin daidai, kashi 98 cikin ɗari. Da aka rubuta musu lambobin nan dai a takarda, sai daidai ta faɗo zuwa kashi 37. Akwai wanda aka tambaya kuɗin kwakwa goma a kan 35 kowace ɗaya, ya ce uku 105 ne, ya tara 105 sau uku, ya ƙara 35, ya samu 350. Ba haka ƴan tallarmu ke yi ba? A Faransa kuwa, wajen 1980, masu binciken koyar da lissafi a Grenoble sun tambayi ƴan CE1 da CE2: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Cikin yara 97, guda 76 sun ba da amsa da lambobin nan, galibi suka tara suka ce 36. (Dariya.) Kada ku yi dariya da yawa, ku gwada a ajinku ranar Litinin. Waɗannan Faransanci harshen uwarsu ne, amma sun riga sun koyi cewa in mushe ya ba da lamba biyu, a haɗa su a ba shi.

To mu namu ya fi nasu nauyi, don kan wannan ciwon muna da na harshe. Ku duba kuɗi kawai. Littafi yana ƙirga faran, kasuwa tana ƙirga dala, dala ɗaya kuwa faran biyar ce. Abin da littafi ya kira 100, yaro ya san shi da ashirin. Abin da yaro ya sani da ɗari, littafi ya ce 500 ne. Hamsin ɗinsa 250 ce, jikarsa 1000. Sai mushe ya ga yaro ya ruɗe ya ce daƙiƙi ne, alhali yaron nan yana ɗauke da jadawalin sau biyar a kansa tun kafin ya taka lakwal, ba wanda ya taɓa nuna masa cewa shi ne. Da na gane haka, na daina koyar da sau biyar da waƙa. Sai in ce dala bakwai faran nawa ne, aji ya ɗauka gaba ɗaya. Daga nan rabawa da biyar ta zo kyauta: 350 a kasuwa me ake ce mata? Saba'in. To ka raba 350 gida biyar ke nan ba ka sani ba.

Sai sunayen lambobi. Bahaushe in ya ce goma sha biyu, ya gaya maka abin da ke ciki, goma ce da biyu. Faransanci ya ce douze, sai ka haddace. Ku je 97: huɗu, ashirin, goma, bakwai. Sau nawa kuka yi shifta yaro ya rubuta muku 42017? Bai yi hauka ba, abin da ya ji ya rubuta. Mu ma daidaitacciyar Hausa tana da nata duhun, don ashirin da talatin da arba'in daga Larabci muka aro su, ba sa nuna gomomin da ke ciki. Amma a nan Adar kakanninmu na cewa gomiya biyu, gomiya uku, kuma har yau ana jin ta a ƙauyuka. Ban san wata kalma da ta fi wannan dacewa da koyar da gidan gomomi ba. Gomiya huɗu da bakwai, ka rubuta 4 ka rubuta 7, magana ta ƙare. Abin da ƴan birni ke yi wa dariya suna cewa ƙauyanci, shi ne kayan aikin da malamin CP, aji biyu na firamare, yake nema. Haka ashirin ba biyu, talatin ba ɗaya: yaro yana ɗebewa a cikin sunan lamba kansa.

Kada wani ya fita ya ce na ce Hausa kaɗai za ta warkar da mu. Yaron da ya ji ɗari da biyar ya rubuta 1005, da Hausa ya yi kuskurensa. Rubutun lamba sana'a ce daban, sai an koya. Kuma a jihar nan, in ka haura Abalak ko Cintabaraden, ajin Buzaye ne da Fulani da Larabawa, kowane yaro da harshen da yake ƙirga da shi. Abin da nake cewa shi ne a fara daga harshen da yaro ya riga ya iya ƙirga a ciki. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a makaranta. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar hasken rana ne, ba malamin Hausa ba, amma tun 1964 ya rubuta cewa yaran Afirka su yi karatu da harsunansu. A watan Maris na 2025 kuma kundin mulkin sabunta ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Takarda dai ba mu rasa ba. Gwaji ne ya shekara hamsin ana ce masa gwaji.

Ga abin da awo ya nuna. Akwai jarrabawar PASEC da ake yi wa ƙasashe masu aiki da Faransanci. A ta 2014, cikin ƙasashe goma, yaranmu na ƙarshen firamare da suka kai mizanin da ake so a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. A ta 2019 mun ɗaga, mun haura ɗaya cikin biyar. An gode Allah, amma ku juya maganar: cikin yara biyar da suka shekara shida a hannunmu, kusan huɗu sun fita ba su kai ba. A 2014 ɗin nan ƙasar da ta yi fice a lissafi ita ce Burundi, matalauciya kamarmu, inda yara ke fara karatu da Kirundi. Su kam kusan duk ƙasar harshe ɗaya suke ji, nasu ya fi sauƙi. Amma abin dubawa ne.

Yanzu bari in zo kan rigimar da ta raba mu gida biyu, wadda na ji kuna yi a waje kafin a shigo. Wasu suna cewa a koma yadda aka koya mana: a haddace jadawali, mushe ya nuna hanya, yaro ya maimaita har ta zauna. Wasu suna cewa wannan zamanin ya wuce, a sa yara rukuni-rukuni, a ba su matsala daga rayuwa, su gano hanya da kansu, malami ya zama mai rakiya kawai. Tsofaffi na kiran sabbin maɓarnata, sabbi na kiran tsofaffi ƴan bulala.

Rigimar ta girme mu duka, kuma ba a nan aka haife ta ba. A 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, Amurka da Turai suka firgita suka ce an bar su a baya a kimiyya. A 1959 aka yi taro a Royaumont a Faransa, inda babban masani Jean Dieudonné ya ce a kawar da Euclide, wato tsohon lissafin siffofi, daga makaranta. Daga nan aka haifi abin da aka kira lissafin zamani. Ya iso mana ina kwaleji. Muna zana da'irori muna ce musu dankali, wannan dankali ya shiga cikin wancan, muna haddace alamomi. Babana ya tambaye ni buhun hatsi nawa za mu samu in an sussuke damin da ke rumbu, na tsaya ina kallonsa. Ya ce, "To me kuke yi can?" Su da suka ƙirƙiro abin sun watsar da shi bayan ƴan shekaru, mu littattafan suka daɗe a hannunmu, don wanda ya ari riga ba shi ke cewa ta tsufa ba. Daga nan aka kawo mana koyarwa bisa manufofi, aka kawo APC, koyarwa bisa ƙwarewa, aka kawo APS, koyarwa bisa yanayin rayuwa. Kowace ta zo da taron horo na kwana biyar da kuɗin zama da sababbin kalmomi, malami ya koma rumfarsa da alli guda.

A Amurka sun yi wannan faɗa sosai bayan 1989, lokacin da ƙungiyar malaman lissafinsu ta fitar da sabon tsari mai ƙarfafa ganowa. Iyaye da malaman jami'a suka tashi, musamman a jihar Kalifoniya, har aka riƙa kiran abin yaƙin lissafi. A 2008 kwamitin da shugaban ƙasarsu ya naɗa ya kawo rahoto, ya ce fahimta da saurin aiki da iya warware matsala kowanne yana ƙarfafa ɗan uwansa, ba a zaɓar ɗaya a bar ɗaya. Shekara kusan ashirin suna faɗa kafin su faɗi abin da kowane alaramma ya sani. Mu mun raina hadda? Gardi yana tilawa har sai ya zama ko cikin barci aka ja masa baƙi zai ɗauka. Amma wa ya taɓa kai wa gardi fatawa in bai zauna a zaure ya ji fassara ba?

Ga inda na tsaya. Ƴan hadda suna da gaskiya a abu ɗaya babba. Kan mutum kamar faifan talla ne, abin da yake ɗauka a lokaci guda kaɗan ne. Yaron da bai san bakwai sau takwas 56 ba ne nan take, in ka ba shi rabawa mai tsawo, faifansa ya cika da ƙirgan yatsu, ba sauran wurin tunani. Dole a haddace jadawali, dole a maimaita, kuma ba abin kunya ba ne. Sannan a ajin da ya cika maƙil, ka ce yara su gano ɗebewa mai aro da kansu, abin da zai faru shi ne uku masu kaifi su yi, sauran su kwafa, a tashi. Abin da mutane suka ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin su tsara, ba za ka ce ɗan shekara takwas ya ƙago shi kafin a tashi shan iska ba. Nuna masa, a fili, mataki-mataki.

Ƴan ganowa kuma suna da gaskiya a kan yarinyata mai albasa. Ita ai hadda ta yi. Ta haddace "a ɗebe ƙarami daga babba", ta yi aiki da shi tsakani da Allah, ta samu 152. Haddar da ba ta da gindi ita ke haifar da irin wannan. Yaranmu na rera je pose deux, je retiens un, wato na ajiye biyu na riƙe ɗaya, kamar waƙar gaɗa, ka tambayi ɗayan nan da aka riƙe mene ne, ina za shi, shiru.

Saboda haka ni a ganina ba zaɓi ba ne, jeri ne: wanne ke gaba, wanne ke biye. Singafo, wadda ta zo ta ɗaya a jarrabawar duniya ta TIMSS a 1995, ta gina tsarinta kan mataki uku: yaro ya taɓa abu da hannu, sannan ya zana shi, sannan ya rubuta lamba. Sun kuma rage yawan darussa don a daɗe kan kowanne. Faransa kanta, a rahoton da Cédric Villani da Charles Torossian suka miƙa a 2018 mai shawarwari 21, ta koma tana yabon wannan hanya. Mu ba sai mun sayi kayan roba daga waje ba. Karan hatsi ya ishe mu.

Bari in nuna. (Ya ciro ƙullin tsinkaye daga aljihu.) Ga ƙulli biyar, kowanne tsinke goma, ga biyu a warware. Gomiya biyar da biyu. Madam, ki zo ki ɗebe mini 27. Kin ga kin tsaya, don biyu ne a warware, bakwai kike so. Me za ki yi? Yawwa, ki kwance ƙulli ɗaya. Yanzu ƙulli huɗu, warwararru goma sha biyu. Ɗebe bakwai, saura biyar. Ɗebe ƙulli biyu, saura biyu. 25. Wannan kwancewar ita ce aron da muke rerawa. Kuma ba aro ba ne ma, canji ne, kamar ka ba mai shago jika ya fasa maka. Yaron da ya kwance ƙulli da hannunsa sati guda, ya zana ƙulli a allo sati guda, in ka zo rubutu ya san abin da ƙaramin ɗayan nan yake nufi. Sannan ka tambayi aji wa ke da wata hanya. Ɗan talla zai ce daga 27 zuwa 30 uku, zuwa 50 ashirin, da biyu, 25. Kada ka ce masa ba haka ake yi ba. Rubuta hanyarsa a babban allo kusa da taka, ka sa sunansa a kai.

Bayan nan sai hadda, ba sassauci. Kun san PLM, an koya muku a makarantar horon malamai: ka faɗi tambaya, alli a sama, ka buga tebur su rubuta, ka sake bugawa su ɗaga allo. Tsohuwar dabara ce, amma ban ga abin da ya kai ta a aji mai yawa ba, don cikin ƙiftawar ido ka ga amsar kowa. Minti goma kullum, ba ranar da sufeto zai zo kaɗai ba, ranka ya daɗe ka yi haƙuri. (Dariya.) Kuma in allo ya ɗagu, kada idonka ya tsaya kan masu daidai. Nemi amsar da ba daidai ba wadda ta fi yawa, don ita ce ke gaya maka abin da ka koyar ba ka sani ba. Sai abu ɗaya da nake roƙo: kafin yaro ya taɓa alli, ya yi kirdado. 100 a ɗebe 52, amsar za ta fi ɗari ko ba za ta kai ba? Da na koya wa yarinyar nan wannan tambaya guda, da ba ta ɗaga 152 ba.

Wata matsalar ita ce muna koyar da littafi, ba yaran da ke gabanmu ba. Ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, da bai iya ɗebewa ba, kana yi masa kashi cikin ɗari don tsarin shekara ya ce watan nan nan ake. A Indiya ƙungiyar Pratham ta nuna cewa in an gwada yara aka kasa su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, na wani ɗan lokaci a rana, suna kamowa da sauri. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga irin wannan. Shirin makaranta don kowa da aka yi da taimakon Japan a jihar Tawa ya fara, a 2004, da zaɓen kwamitocin makaranta. Daga baya ya kawo tsarin da ake gwada yara duka, a karanta sakamako gaban taron gari, gari ya tsara awoyin ƙari da littattafan atisayen lissafi, kowane yaro ya fara daga inda ya tsaya, da masu sa kai daga cikin gari suna dubawa. Na halarci irin wannan taro. Da aka faɗi yawan ƴan CM da ba su iya tara lamba mai gida biyu ba, wani dattijo ya cire hula ya riƙe a hannu, bai ce komai ba. Washegari shi ya kawo tabarmi.

Mu malamai kuma a faɗi gaskiya. A 2017 an yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, mafi yawa ba su kai goma bisa ashirin ba. An ji zafi, an yi ta cacar baki, kuma ni ban ga laifin wanda aka ɗauka ba horo, albashinsa na makara, aka ce ya yi abin al'ajabi ba. Amma da yawanmu tsoron lissafi ne ya kore mu daga fannin kimiyya, muka zo muna koyar da shi da tsoron nan a ciki, yara kuwa suna jin ƙanshinsa. A taron CAPED, inda malamai ke ƙara wa juna sani, maimakon a ɓata yini ana gardamar yadda ake cika takardar shirin darasi, a kawo rabawa ɗaya mai wuya kowa ya yi, wanda ya kasa a nuna masa ba dariya. Ni sai da na shekara ina koyar da raba ɓangare da ɓangare kafin in san dalilin da ake juya na biyun.

Kuma ku daina bari yara su ɗauka lissafi kayan Nasara ne. Kalmar aljabara daga littafin al-Khwarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban kaso na littafin lissafin gado da wasiyya ne. Wannan lissafi yana nan a zaurukanmu. Mutum ya rasu ya bar jika 240, da mata da ɗa da ɗiya. Malam zai fitar da tumunin takaba, 30. Saura 210, ya kasa uku, ɗiya 70, ɗa 140. In magada sun yi yawa, ga mai sudusi ga mai tumuni, sai ya nemi asalin mas'ala, 24. Wannan shi ne daidaita ƙasan ɓangarori da ke sa ƴan kwaleji kuka. Zakkar hatsi ɗaya cikin goma, ta noman ban ruwa da wahala ɗaya cikin ashirin, manomin albasa a Galmi ya san wannan. Akwai kuma Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda ya rubuta hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Ban ce ku koya wa yara tsubbu ba. Ku zana gida tara, ku ce su zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, tsaye da kwance da karkace, zai ba da 15. Za su yi tarawa sau hamsin ba su san atisaye suke ba.

(Wata malama ta ɗaga hannu.) "Baba, mun ji. Amma ni yara tamanin da wani abu gare ni a CP, rumfar ma sai bayan girbi aka kafa ta, mun rasa wata guda. Ina zan samu tsinken yara tamanin, ina zan samu lokaci?"

Ƴata, Allah ya yi miki albarka, ba ni da maganin rumfa, wannan na gaban sufeto ne kuma ya ji. Tsinke kuwa kada ki nema, su za su kawo. Ki ce gobe kowa ya zo da tsinke ashirin da zare, ki zaunar da su bibbiyu, mutum biyu ƙulli huɗu, ya isa CP. Lokaci kuma, ki duba tsarin shekara ki yi abin da ba a so in faɗa a gaban manya: abin da ba zai hana yaro ci gaba ba, ki taƙaita shi. Ƙirga, gidan gomomi, tarawa, ɗebewa, waɗannan kada ki bar su sai sun zauna, ko da littafin bai ƙare ba. Malamin CE1 zai gode miki.

(Wani dattijo daga kwamiti.) "Malam, mu da ba mu yi lakwal ba, me za mu yi musu a gida?"

Alhaji, kai da ka fi ni lissafi? Buhu tiya nawa ne a wurinka? Arba'in. To in ka aiki yaro awo, ka sa ya faɗi kuɗin kafin ya tafi, ya faɗi canjin da zai dawo da shi, in ya dawo ka ce ya rubuta maka a ƙasa da yatsa, da dala da kuma faran. In kuna dara da yamma kada ka kore shi, ka bar shi ya haƙa gurabun, layi biyar gida shida-shida, ka tambaye shi guda nawa ke nan. Kuma ɗiyar da ke yi wa uwarta talla, a bar ta ta zo da safe, don ita ce ta fi kowa shiri.

Wani ya tambaya can baya me ya faru da yarinyar. Ta gama CM2, ba ta ci gaba ba, aka yi mata aure. Na haɗu da ita shekarun baya a tasha, tana da rumfar hatsi, tana riƙe da adashen mata wajen talatin, duk a ka, ba littafi. Ta gaishe ni ta ce, "Mushe, har yanzu ana ba da sifirin nan?" Na ce ana bayarwa. Ta auna mini wake tiya biyu ta ƙi karɓar kuɗi.

Na ji an kira salla. Tsinkayen nan na bar su kan tebur, mai so ya ɗauka, amma a bar wa madam mai yara tamanin ƙulli biyar.